Garkar da Taswirar Birni Ba Ta Sani Ba

A cikin watan Janairu na shekarar 1851 ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da sunan Abdulkarim, ya taso daga Tasawa ya yada zango a Gazawa. Daga nan ya ratsa dajin da ke tsakaninta da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Cikin abubuwan da ya lura da su a Kano akwai wanda bai kamata ya wuce malamai ba: ganuwar birnin ta kewaye fili mai faɗin gaske, amma gidaje ba su cinye ko rabinsa ba. Saura gonaki ne da makiyaya da kududdufai, ga kuma Jakara kwance a tsakiyar gari. Waɗanda suka zana wannan ganuwa ba kuskuren awo suka yi ba. Sun san cewa birnin da ya bar abincinsa a bayan ƙofa, yunwa za ta ci shi kafin maƙiyi ya taɓa badala, saboda haka suka sa shuka cikin lissafin gari kamar yadda suka sa kasuwa da masallaci da fada.

Masu zanen biranen yau sun fi magabata kayan aiki, amma wannan lissafi ya kuɓuce musu. A taswirarsu akwai launin gidaje, da launin titi, da launin kasuwa, da ɗan ƙaramin kore da ake kira espace vert, wanda sau da yawa ba a san da shi ba sai ranar da aka ji an sayar da shi. Garka kuwa, wadda ke ciyar da garin da ganye da kayan miya, ba ta da launi. Farin wuri ake barinta a kan takarda, kuma farin wuri a idon mai awon filaye ma'anarsa guda ce: babu kowa a nan, a kawo turakun siminti. Wannan makantar ce ke kashe lambunan biranen Hausa, fiye da fari, fiye da fara, fiye da awakin maƙwabta. Kuma makaranta na da hannu a cikinta.

A ɗauki Maraɗi. Baƙon da ya shigo ta kan kwalta ba abin da zai gani sai ƙura da manyan motoci da shaguna da kabu-kabu, har ya fita yana cewa gari ne na fatauci da siminti. Alhali kuwa da ya gangara yamma zuwa kwarin gulbi, da ya iske wani gari na biyu a ƙarƙashin na farko: mangwaro da gwaba sun haɗe kai, a inuwarsu ga fangalin salati da tumatir da kabeji da albasa, ga rijiyoyi, ga injin ban-ruwa yana tari tun asuba. Hasali ma a can ne tsohon garin yake. Ambaliyar 1945 ce ta rusa shi, Turawan mulki suka hau da shi kan tudu suka tsara shi layi-layi, aka bar kwarin ga masu garka. Tun daga nan birnin ya juya wa kwarinsa baya, yana cin abin da ke fitowa daga ciki ba tare da ya waiwaya ba. Kwarin kuwa bai tsaya nan ba: ya taso ta Jiratawa, inda zogale ya zama sana'ar da ake ɗora wa mota, ya wuce Tsibiri, ya nufi Gidan Rumji. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ƙasar Katsina wajen 1990, gulbin bai ƙara malala kamar da ba, masu garka suka koma bin ruwa da haƙa, kowace shekara igiyar guga na ƙara tsawo. Ƙidayar 2012 ta ba Maraɗi mutum sama da 260,000. Babu ɗaya cikinsu da miyarsa ba ta taɓa bi ta wannan kwari ba.

Akwai kuma garkar da ta fi wannan ɓuya, wadda ko mai unguwa bai san adadinta ba, wato ta cikin gida. Bayan ɗakin uwargida, inda ruwan wanke-wanke da na alwala ke gangarawa, nan za a iske lemun tsami ko gwanda, da zogale biyu ko uku da ake tsinka har su gaji, da lalle, da daddoya cikin fasasshen tulu, da kabewa ta haye danga ta leƙa gidan maƙwabta, da soso da ya lulluɓe rumfa. Faɗinta bai wuce tabarma huɗu ba. Wanda ya ce wannan ba lambu ba ne, sai ya tambayi matar da ke sayar da kwaɗon zogale inda kuɗin littafin ɗiyarta ya fito. A kudancin jihar Maraɗi al'amarin ya wuce na sha'awa. Binciken da Marthe Doka da Marie Monimart suka wallafa a 2004 ya nuna yadda ƙarancin ƙasa ke fitar da mata daga noma: gandu ya tsuke, gamanar da ake yanka wa mace ta fara ɓacewa, har aka sami abin da ake kira kullen gona, wato a hana mace zuwa gona don babu gonar da za a ba ta, a kuma yafa wa hanin rigar addini. Macen da aka raba da gamana, ɗan wurin da ke bayan ɗakinta shi ne ragowar ƙasarta a duniya. Shi ne kuma wurin da ake fara shafewa da siminti ranar da maigida ya yi niyyar gina shago ko ɗakin haya.

Me ya sa masu ilimi ba su ganin duk wannan? Saboda an koya wa idonsu wani abu dabam. Yaron da ya shiga lakwal ya haɗu da kalmar jardin tare da hoto: ciyawa askakkiya, furanni jere, benci, ƙila da ruwa mai tsartuwa a tsakiya. Ubansa yana da garka a bakin gulbi, uwarsa tana da lalle a bayan ɗaki, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa waɗannan da wancan dangi ne. Ya girma ya zama injiniya ko magajin gari da imanin cewa lambu abu ne da ake kawowa daga waje, a kewaye shi da ƙarfe, a kafa masa allo, a yanke masa kyalle. Abin da ubansa ke yi kuwa wahala ce ta talaka wadda ci gaba zai share. Harshen Hausa ya bambanta garka da lambu da fadama da gona da saura, kowace da ruwanta da lokacinta da dokarta, amma ɗalibi na iya gama karatu bai taɓa rubuta ɗayansu a kan takardar jarrabawa ba. Malaman allo ma suna da nasu rabon laifi: kullum ana karanta kalmar janna, ba kasafai ake tsayawa a gaya wa almajiri cewa asalin ma'anarta a Larabci lambu ne mai inuwa ba.

Daga wannan ido ne aka sami irin ƙaunar itace ta ranar biki. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, niyya kuwa kyakkyawa ce. Amma kowa ya san yadda ake yi: a haƙa ramuka da dare, manya su zo da safe cikin manyan riguna, a miƙa musu dashe da butar ban-ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ya rage aikin akuya ne. A 1965 aka fara dasa kewayen itatuwan Yamai, fiye da hekta 2,000 na dogon yaro da turare, don tare iska da rairayi. Shi wannan yana cikin takarda, yana da doka, yana da masu gadi. Duk da haka an yi ta gutsurarsa fegi bayan fegi, har maganar ta zama abin cece-kuce a ƙasa baki ɗaya. Dalili kuwa a fili yake: itacen kowa da kowa ba na kowa ba ne, ba wanda ke kwana da tunaninsa, ba wanda miyar gidansa ta dogara gare shi. A 2015 Maraɗi ta karɓi bikin 18 ga Disamba da sunan Maraɗi Kwalliya, aka shimfiɗa tituna, aka yi gine-gine, aka kunna fitilu, kuma ba mai musun amfanin titi. Sai dai kwalliyar da aka auna da kwalta da fenti kawai, ta gari ce rabi. Ɗaya rabin yana can gangare yana jan guga.

Amsar wannan makanta ba daga nesa za a ɗauko ta ba. Tana nan cikin gonakin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kuma duniya ta riga ta zo ta gani ta koma, ƴan gida ne suka rage.

Tarihin sananne ne, amma yana da kyau a maimaita shi yadda ya faru. Dokar daji ta Turawa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, sun sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma. Manomin da gawo ya tsiro a gonarsa bai mallake shi ba. In ya sare reshe ba da takarda ba, ma'aikacin gandun daji na iya cin sa tara. A ɗaya gefen kuma masu koyar da noman gujiya da garmar shanu suna yabon gona mai tsabta, wadda babu kututture ko ɗaya da zai tare garma. Manomi ba wawa ba ne. Da ya ga itace ba abin da yake jawo masa sai tara da zargin ƙazanta, sai ya riƙa kashe shi tun yana toho, kowace bazara a sassabe a ƙone. Fari na shekarun 1970 ya zo ya iske ƙasa tsirara. Aka kawo furoje bayan furoje, aka kafa wuraren renon dashe, aka dasa itatuwan waje da yawa, mafi yawansu suka mutu.

A 1983 wani ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda shi ma ya sha kaye a wajen dashe, ya tsaya ya duba ɗaya daga cikin ƴan kurmin da ke warwatse cikin gonaki, ya gane cewa ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, saiwarsa na raye a ƙasa, yana neman a ƙyale shi ya tashi. Ya kira abin dajin ƙarƙashin ƙasa. Ba shi ya ƙirƙiro renon toho ba, manoman Sahel sun san shi tun kaka da kakanni. Abin da ya yi shi ne ya ba shi suna da mutunci a lokacin da hukuma da masana suka ɗauke shi shirme. Aikin kansa ba shi da wuya: a zaɓi kututture, a bar masa tohon da suka fi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a sare saura, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, a dawo baɗi a sake. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani. A yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, aka haɗa shi da rabon abinci a garuruwa da dama. Da abincin ya ƙare, mutane da yawa suka sare abin da suka rena, abin da ke nuna cewa buhun hatsi ba ya sayen ƙaunar itace. Amma wasu suka bar nasu, suka ga gero bai ragu ba, iska ta daina binne shuka, mata sun huta da tafiyar neman itacen girki. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya.

Abin da ya sa aikin ya kama ƙasa shi ne sannu a hankali manomi ya tabbata cewa itacen nasa ne. Tsarin dokar karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 sun sassauta riƙon hukuma, daga baya dokar 30 ga Yuli 2020 ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka aza wa kansu doka a kan sara da sata, furojen PPILDA da asusun FIDA ya tallafa daga 2005 ya iske su da aikinsu ya ƙara musu ƙarfi. Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan shekara 30, sai suka iske abin da ba wanda ya rubuta a rahoto: kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin kore a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana da taki, da kalgo da sabara da aduwa da magarya da taramniya. Shekara 20 wannan daji yana tashi a gefen babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, manyan motocin masana suna wucewa ta cikinsa, ba su gan shi ba, domin babu allo a bakinsa. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekarar da aka ba Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. Manoman Ɗan Saga ba a kira su ba, amma su ke da inuwar.

To, abin da ya tabbata ga gawo a gona, me zai hana shi tabbata ga garka a birni? Ita ma tana nan da ranta ba wanda ya dasa ta da kuɗin gwamnati. Ita ma abin da ke kashe ta shi ne rashin tabbacin mai ita. A Kano, binciken da Kenneth Lynch da Tony Binns da Emmanuel Olofin suka fitar a 2001 ya nuna masu lambun cikin birni suna noma ne da fargaba, domin ko yaushe gini na iya cinye wurin. Wanda bai san ko zai kai baɗi a fangalinsa ba, ba zai dasa mangwaro ba, ba zai ɗaure rijiya da siminti ba. Zai shuka salatin kwana 40 ya tsinke ya gudu. Sannan a zo a nuna shi a ce ga shi nan, ba ya gyara wuri.

Masu adawa suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Sun ce garkar birni na shan ruwan ƙazanta. Gaskiya ne a wurare da dama: rafin Getsi a Kano na ɗauko dattin masana'antun Bompai, kuma da shi ake ban-ruwan ganyen da ake ci ɗanye. Sai dai mai garka ba shi ya zuba guba a rafi ba. Hukuncin da ya kori mai guga ya ƙyale mai masana'anta, hukuncin kura ne a shari'ar akuya. Sun ce jama'a na ƙaruwa, dole a sami wurin kwana. Wannan ma gaskiya ne. Amma tudu bai ƙare ba, kuma kwari ba wurin gini ba ne: ruwan da ya kori Maraɗi daga kwarinta a 1945 bai manta hanya ba, duk daminar da ta yi ƙarfi sai an ga gidajen da aka gina a kan tsohon kududdufi ko bakin fadama sun koma laka. Garka na shanye ruwan da siminti ke turawa ɗakin maƙwabci. Hujja ta uku ta fi nauyi, kuma daga gonakin Agye ta fito: idan abu ya zama na wani, ya fita daga hannun wasu. Itacen da manomi ya mallaka, matar da ba ta da gona ba ta da ikon karyar reshensa, makiyayi ma sai da izini. Haka takardar mallakar garka na iya faɗawa hannun mai kuɗi ta bar wanda ya yi shekara 30 yana aro. Wannan haɗari ne na gaske, shi ya sa kwamitin Ɗan Saga ya zaunar da mata da makiyaya, shi ya sa kuma rubuta garka dole ya haɗa da rubuta sunan mai aiki a cikinta, ba mai ƙasa kaɗai ba.

Ga waɗanda ba su yarda da abu sai sun ji an yi shi a Faransa, akwai labarin Amiens. A tsakiyar wannan birni akwai garake kimanin hekta 300 cikin fadama, ana shiga tsakaninsu da kwale-kwale, ana nomansu tun ƙarnoni. A shekarun 1970 aka zana babbar hanya da za ta ratsa su. Mutanen gari suka kafa ƙungiya a 1975, suka tsaya kai da fata, hanya ta kauce. Yau baƙi na biyan kuɗi don a zagaya da su cikin kabeji da albasa. Ƙungiyar ƴan gari ce ta yi wannan aiki, kamar ƙungiyoyin al'adu da ake da su a kowace gunduma ta jihar Maraɗi, waɗanda har yanzu suka taƙaita al'ada ga kalangu da kokowa da wasan kwaikwayo, kamar dai sanin lokacin dashen albasa da yadda ake ɗaure dangar ƙaya ba gadon kakanni ba ne.

Gazawa da Agye da Gidan Rumji ba su zama manyan birane ba tukuna, kuma wannan ita ce sa'arsu. Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Gunduma na jawo ofisoshi, ofisoshi na jawo ma'aikata, ma'aikata na neman fegi, kuma sayar da fegi ya daɗe da zama hanya mafi sauƙi da ma'aikatar magajin gari ke cika asusunta. Gonakin da ke bakin waɗannan garuruwa, da gawon da aka rena cikinsu shekara 30, da gorubar Gulbin Kaba da mata ke saƙa tabarma da kabarta, su ne layin farko da turakun siminti za su ci. Abin da Maraɗi da Kano ke kuka a kansa bayan ya faru, a nan ana iya hana shi kafin ya faru.

Aikin bai fi ƙarfin malamin makaranta ba. Aji guda na ɗalibai, da littafin rubutu da igiyar awo, na iya zagaya unguwa cikin mako biyu su rubuta kowace garka da kowace rijiya da kowane babban itace: sunansa da Hausa, wanda ya rene shi, wanda ke aiki a wurin, bakin mutum nawa yake ciyarwa. Ɗalibai mata na iya shiga inda mai awo ba ya shiga, su ƙirga zogale da lallen bayan ɗaki da izinin masu su. Darasin lissafi ne da na ƙasa da na harshe a lokaci guda, kuma shi ne karo na farko da ɗan mai garka zai ga sana'ar ubansa a kan allo. Tsarin dokar karkara ya tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye, da ikon shaida haƙƙin mutum a kan ƙasa da rubuta aro da jingina. Can ya kamata littafin ɗaliban ya tafi, kwafi guda kuma ga ma'aikatar magajin gari, ƙungiyar al'adu ta raka shi, a karanta shi a zaman da kowa ke ji, a nemi a sa wa waɗannan wurare launi a taswira kafin a buɗe zancen yankan filaye na gaba.